Tabon Wiwi a Jinin Talha

Marwa ta fara ganin Talha ne a shagon ɗinkinsa da ke Takur, ran da ta kai masa farar rigarta ta ɗakin gwaji da aljihu ya yage. A gajiye take, shi ma duk barci ne a idonsa. Ya ɗinke ya miƙa mata.

"Likita, Allah ya sa ya sake yagewa."

"Ni ɗaliba ce," ta ce. Amma ta koma, alhali babu abin da ya yage.

Tun farko bai ɓoye mata ba: ya yi shekaru yana shan wiwi, ya daina kafin su haɗu. Ta yarda da shi, ta kuma so shi sosai.

Sai dai baki shi ke yanka wuya. Can baya, Marwa, mai son a san ta yi karatu, ta taɓa zama tsakar gida ta yi wa mahaifinta, Malam Sharhabilu mai makarantar allo a Yalwawa, bayanin aikinta na jami'a. Ta ce masu bincike sun ga alaƙa tsakanin shan wiwi da wasu ƙananan tabo da ke maƙalewa a ƙwayoyin gado, su sauya yadda suke aiki. Malam kuwa ba ya mantuwa.

Mujahid, ɗan baffanta da ya daɗe yana son ta, shi ya kai wa Malam labarin shan wiwin Talha. Malam ya kira Marwa ya ce babu maganar aure.

"Ke da bakinki kika faɗa," in ji Malam. "Tubarsa tsakaninsa da Allah ne. Ni jikokina nake ji."

Aka yi watanni ana abu ɗaya, har Marwa ta rame. Wata rana saƙon Talha ya shigo:

"Hasken idona, na zaga asibitoci har Jahun a auna min tabon nan, ko'ina sai a ce babu irin wannan awon. Na gaji. In kina so in janye, ki faɗa min."

Ta amsa: "Telana, ni ma na gaji. Amma ba da kai ba."

Da safe ta sami Malam a zaure yana wanke allo, ta durƙusa.

"Tabon nan, yana gogewa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Da ta ce e, da magana ta ƙare. Amma ta zaɓi gaskiya.

"Baba, wasu kamar suna dusashewa in an daina, wasu ba a sani ba. Ko yana bin 'ya'ya, har yanzu ba a tabbatar ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Duk da haka kina son sa?"

"Ina son sa, Baba."

Malam ya daɗe yana duban allon, inda inuwar tsohuwar tawada ta ƙi fita.

"Allon nan na kakanki ne. Bai taɓa wankuwa fes ba, ban kuma daina rubutu a kansa ba. Ki ce ya turo manyansa."

Marwa ta fashe da kuka.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren. Malam da kansa ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Marwa na ɗaki cikin kayan da ango ya ɗinka mata, wayarta ta yi ƙara:

"Amaryata, aljihun na yi masa ɗinki biyu. Yanzu ba sai ya yage ba."