Idon da Bai Ƙifta Ba

Ranar Litinin da safe Nas ta buɗe kabad ɗin ɗakin duba ido, ta tarar kwalabe shida na maganin kashe zafin ido sun yi ɓatan dabo. Makullan biyu ne, ɗaya a wuyanta, ɗaya a ofishin Manajan asibitin. Kafin ƙarfe goma Manaja ya kira Sajan ɗin 'yan sanda, ya kuma tura mata takardar kora, wai ta sa hannu ta tafi salin-alin.

"Ba zan sa ba, ranka ya daɗe. Shekara goma sha ɗaya ko allura ban taɓa ɗauka ba."

Sajan ya fara tambayoyi. Mai shara tana hutu tun makon jiya. Mai gadi iyakarsa bakin ƙofa, sai dai ya tuna Manaja ya zo ran Laraba dafe da idon dama, wai tsakuwa ta faɗa masa.

Nas ta ƙura wa Manaja ido, ranta na tafasa. Idon yana nan ja wur, amma ba hawaye, ba runtsawa. Ga gashin ido kwance a kan baƙin, mutumin yana ta zuba kamar ba a jikinsa yake ba.

Ta murza auduga ta yi siriri, ta ce Sajan ya fara gwada ta. Ya shafi idonta ɗaya da ita, duka biyun suka ƙifta. Manaja ya so zillewa, Sajan ya ce ya zauna. An taɓa na hagu, biyun suka ƙifta. An taɓa na dama, shiru.

Ta yi wa Sajan bayani. Jijiyar da ke jin taɓi daban take da mai rufe fatar ido. Mai rufewar lafiyarta lau, tunda na dama ya ƙifta da aka taɓa na hagu. Mai jin ce aka sa barci, kuma maganin da ke yin hakan a kabad ɗinta yake.

An sami kwalaben a aljihun teburin Manaja, huɗu ba ko ɗigo. Tsoron wuƙar likita ne ya sa yake ɗigawa a ɓoye.

Nas ta haska idon da tocila, ta ga gyambo fari a tsakiya. Ta juya takardar korar, ta rubuta a bayanta a kai shi babban asibiti yau.

"Zafin da ka kashe shi ke tsare maka idon," in ji ta. "Ga takardarka. Yanzu na sa hannu."