Takalman da Ƙanwata Ta Sa

Don Allah ku daina ba shi sadaka a gabana. Mutumin nan da kuke gani a bakin tsohon shagon takalma, ƙudundune cikin buhu, mijin ƙanwata ne, kuma na san abin da ya zaunar da shi a wurin. Ba sharri nake masa ba, da bakinsa yake faɗa wa duk wanda ya tsaya.

Ɗan Gayu muke ce masa. Da ciniki ya ja baya a shago, sai ya ce zai koma sayar da takalma da jakunkuna ta waya. Ya buɗe shafi, ya zube kaya a ƙasan ɗaki, ya ɗauki hotuna dishi-dishi ya watsa. Shiru kake ji. In an yi sa'a wani ya rubuto "nawa?", ana faɗa masa ya ɓace. Ƙanwata, baiwar Allah, ita ke lallashinsa.

"Baban yarinya, ka fita da kayan cikin haske ka ɗauka. Ka fara da maƙwabta, wanda ya saya ya ji daɗi shi zai kawo maka wani."

Ya ce ita me ta sani? Sa'anninsa na tura oda mota-mota, shi yana nan yana ƙona data a banza.

Wata rana da hantsi ya nufi wurin wani boka a bayan tsohuwar masana'antar katako. Ɗakin ba taga. Bango duk fasassun madubai ne, a kusurwa ga kwano cike da busassun idanun dabbobi, wuri sai ƙarnin jini. Bokan wani ɗan siririn tsoho ne mai magana ƙasa-ƙasa. Bai tambaye shi me ya kawo shi ba, hannu kawai ya miƙa ya ce, "Kawo wayar."

Ya yanka baƙar kaza, ya dangwali jinin da ɗan yatsa ya shafa a idon kyamarar, ya riƙe wayar a kan hayaƙi har jinin ya bushe.

"Ido kake nema," in ji boka. "Kaya ba sa kiran ido, jiki ke kira. Duk abin da za ka sayar, wani na gidanka ya sa a jikinsa, ka ɗauka ka watsa."

"In na yi hayar masu talla fa?"

"Na ce na gidanka."

"Me zai sami wanda ya sa?"

"Kallonsa za a yi."

"Ai kallo ba ya kisa, Baba."

Tsohon ya yi murmushi. "To me kake tsoro? In ba ka so, ga ruwa can, wanke wayarka ka tafi."

Ya dubi ruwan. Ya sa wayar a aljihu. Wannan kaɗai ya ishe ni, ba wanda zai ce min bai gane ba.

Ƙanwata ya fara sa wa takalmi. Tana ta dariya, wai yau ta zama 'yar talla. Kafin la'asar waya ta ɗau ruri, saƙo kan saƙo, har daga garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba. Ya ɗauki ma'aikata, ya kama sito, ya sayi mota, ya fara yi wa sababbin shiga lacca a kan haƙuri da jajircewa. Kai, mutum!

Sai ƙafafun ƙanwata suka fara sanyi. Daga sanyi suka motse, suka bushe kamar itace. A asibiti aka rasa gane kansu. Da ƙafa ta daina kyan hoto, ya koma rataya mata jaka a hannu, hannun ma ya bi. Na je dubiya na tarar ya jingina ta da filo yana ce mata, "Ɗan ɗaga hannun mana, haske zai wuce." Ranar da ta rasu, hotonta na kan shafinsa ana ta tambayar ko akwai jar kala.

Bai yi makoki ba, uwarsa ya koma sa wa tabarau yana ɗauka. Tsohuwa ta fara ihu da rana tsaka, wai mutane sun cika mata ɗaki suna leƙen fuskarta. A ɗaure aka fita da ita daga gidan.

Saura 'yarsa, 'yar ƙanwata tilo, mai kama da uwarta sak. Ranar da na ji ya sayo takalman yara kwali-kwali, ban jira kowa ba, na je makarantarsu na ɗauke ta na kai gidana na kulle.

Ya zo yana huci, waya na ta kuka a hannunsa. Ya rame, idanu sun yi zuru-zuru.

"Yaya, ki ba ni 'yata. Hoto ɗaya ne tal."

"Ko farcenta ba za ka ɗauka ba."

"Ba ki gane ba ne. In ban saka sabon hoto ba, masu kallo ba sa barina. Ko na kashe wayar kira take yi. Tsohon ya ce dole na gidana."

A nan bakinsa ya suɓuce, ya zayyane min komai a tsaye a bakin ƙofa, yana tsammanin zan ji tausayinsa. Na dube shi, na yi magana a hankali.

"Na gidanka aka ce? To kai ɗan gidan wa ne? Ai kana da ƙafa, kana da fuska. Ɗan Gayu guda! Sa kayanka ka ɗauki kanka mana."

Na rufe ƙofata.

Ya yi ta zagaye gidana har ya gaji. Daga ƙarshe wayar ta fi ƙarfinsa. Ya ci ado tun daga hula har takalmi, ya kunna bidiyo kai tsaye, ya tsaya a gaban duniya. An ce ba a taɓa kallon tallarsa kamar ta ranar ba. Tun bai gama ba ya yar da wayar, ya hau yagar rigarsa yana ihun a lulluɓe shi kada a gan shi. Ma'aikata suka watse da kayan sito, mota ta tafi, gida ya tafi, jiki ya shanye ya bar abin da kuke gani.

Ku masu fara sana'a a waya, ku ji ni da kyau. Shirun farkon nan ba ya kashe kowa. Ku gyara hotonku, ku amsa wa mutane da mutunci, ku jira rabonku. Duk wanda ya ce zai tara muku kwastoma a yini ɗaya, ku tambaye shi jikin wa za a ci, don sai an ci.

Yarinya tana wurina, ƙafafunta lafiya lau, da gudu take zuwa makaranta. Shi kuwa yini yake yana roƙon masu wucewa, "Ku daina kallona, don Allah ku daina kallona." Mutane sai su kau da kai don tausayi. Ni ba na kau da kai. Duk sanda na biyo ta nan sai na tsaya a gabansa, na ɗage buhun, na kalle shi son raina.