Kaskon Garwashi

Magariba ta kawo jiki, awaki sun shigo gida, Safara'u ta durƙusa gaban murhu ta iske wuta ta mutu. Ashana ta ƙare. Sai ta miƙa ma ɗiyatta Nusaiba wani ɗan kasko mai tsagaggen baki, tac ce ta ɗebo garwashi can maƙwabta. Abin da anka saba na a Adabka. Ba ta dubi lokaci ba, ba ta ce mata ta yi bisimilla ba.

Hanyar kuwa ta bi ta gindin sabon rumbun maƙwabcinsu Mainasara. Da can wani ƙaton suri na a wurin, bisa iyakarshi da Halilu, mijin Safara'u. Mainasara ya baje surin ya gina rumbu, ya ci iyaka da taku ukku. Sun yi hwaɗa kan haka, har Halilu ya rantse gaban mutane sai ya ga bayan rumbun ga.

Nusaiba ta komo hannu wohi. Ta zamna bakin ɗaki ta dunƙule hannun dama. Can sai ihu ya tashi.

Halilu ya baro gona shi kaɗai, shi ya hwara isowa. Rumbu na ci da wuta, ga kaskon gidanshi ajiye a gindi. Ya gane shi, ya ɗauka zai tura cikin riga, mutane sunka iso. Geron shekara duka ya koma toka.

'Yan sanda sunka tahi da shi Bukkuyum. Sai da ya yi mako ukku anka ba da belinshi. Lauyanshi, wani Sadiq mutumin Gummi, bai ɓoye mai komi ba.

"Malam Halilu, an ji ka rantse, an gane ka da kasko. In ba kai na ba, wa ya kai shi can? Suna guda nika so."

Halilu ya sadda kai. Shi ma bai tambayi kowa ba a gida, don tsoron amsa.

Tun ranar da ya komo, gidan bai ƙara zama daidai ba. Da rana ta hwaɗi sai duwatsu su riƙa sauka bisa kwano, ɗai bayan ɗai, ba gaugawa. In ka ɗauki guda ka ji shi da zahi. Warin ƙonannen gero ya kama tuhwahi, ya kama ruwan randa. Wani lokaci a ji murya bayan danga tana kiran Nusaiba a hankali, a leƙa ba kowa. Yarinya ta daina cin tuwo. Sai ta zamna gaban murhu ta zura ma wuta ido. Safara'u kuwa ba ta barin lalle ya gushe a hannun ɗiyatta na dama. Da ya hwara koɗewa ta ƙara wani.

Saura kwana huɗu a koma kotu anka ɗauko Malam Abdulwahabu daga Anka bisa babur. Tsoho na, ba shi da yawan magana. Bayan la'asar ya sa anka zamnar da Nusaiba bisa tabarma, ya hwara karatu. Ya daɗe. Inuwa ta cinye tsakar gida, kaji sunka yi tsit. Sai yarinya ta ɗaga kai, muryar wani tsoho ta hito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Kai wane ne?"

"Mai surin da anka baje."

"Mi yarinyar ga ta yi maka?"

"Ba ta yi min komi ba. Ta biyo ta ƙohwata da wuta, lokacin hitarmu, ba sunan Allah a bakinta. Ni ba ni da hannu. Na ari nata."

Safara'u ta toshe baki da zane. Malam ya buɗe hannun yarinya ya duba, ga tabon ƙuna kwance ƙarƙashin lalle. Halilu ya dubi matatai, ita ba ta dube shi ba.

Ya rarrafo gaban tabarma. "Don Allah ka zo ka gaya ma alƙali. Kai ka yi, ni za a ɗaure."

Anka yi wata 'yar dariya mai sanyi. "Da wane baki? Wanga? In alƙali ya ce a nuna hannun da ya yi, wanne za a nuna?"

Malam yac ce mai ya hita. Aljanin yac ce sai an bar mai wurinshi, kar a ƙara aza gini bisa. Malam ya ɗauki alkawarin shi da kanshi zai roƙi Mainasara. Nusaiba ta yi atishawa ukku ta zube.

Da ta hwarka ta dubi uwatta. "Inna, na kawo wutar?"

"Kin kawo, ɗiyata."

A zaure Malam yac ce ma Halilu, "In kana so ina zuwa kotu in hwaɗi abin da na ji. Amma ka sani, ba su rubuta sunan aljani a takarda. Nusaiba za su rubuta."

Da anka kira isha'i Halilu ya ɗago kai.

"Malam, ba ka ji komi ba."

Ran Littinin alƙali ya karanto mai laihi ya tambaye shi. Lauya Sadiq ya miƙe zai yi magana, Halilu ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, ni na ƙona."

Anka yanke mai shekara biyar.

Duwatsu sun daina sauka. Nusaiba ta koma cin abinci, ba ta tuna komi. Mata sun daina shigowa gidan ɗebo wuta, su Safara'u ma ba su zuwa gidan kowa. In murhu ya mutu da magariba, haka nan suka kwana.

Wata rana suna zamne, yarinya tac ce, "Inna, wai mi ya sa Baba ya yi muna haka?"

Safara'u ta jawo ƙwaryar lalle.

"Kawo hannunki."