Mai Karɓar Makaɗin Otal

Da kunne Hazim ya koyi fiyano, ba malami, amma a tsohon otal ɗin nan na Iskandariyya ba mai son jin kiɗan jaz ɗin da yake ƙirƙira. Waƙoƙin kakanni kawai ake nema, kullum su. Mutanen da jiya ta ishe su, ina ruwansu da sabon abu! Ya ƙudura daren nan ne na ƙarshe. Gobe sai Alƙahira, inda wasu matasan makaɗa ke jiransa.

Baƙi sun watse, yana shirin rufe fiyanon, sai warin ruwan teku da na tsohon turare ya buge shi. Wani dattijo ne zaune a gefen kujerarsa, kwat ɗinsa duk danshi.

"Ɗana, maimaita mini ta ɗazu."

"An tashi, Baffa. Ni ma na gama da gidan nan."

Dattijon ya yi dariya, amma daga cikin fiyanon sautin ya fito. "Kai ma Alƙahirar ce? Guda ɗaya dai, ko don furfurata."

Kunya ta hana Hazim ƙi, ya kaɗa. Da ya kai ƙarshe ya nemi ɗaga hannu, sai yatsunsa suka koma farkon waƙar da kansu. Ya yunƙura ya tashi, ƙafafunsa suka ƙi.

Dattijon ya miƙe yana murza yatsu, kamar wanda aka kwance wa ɗauri.

"Tun ina kamarka nake jiran mai karɓata," in ji shi, ya nufi ƙofa.