Cikin da Inna Take Jira

"Ba inda za ta! Na ce ba inda za ta!"

Muryar Inna ce, uwar mijina, take tashi daga tsakar gida. Ina zaune a ɗaki kan darduma, ina jin komai ta labule. Yaya Naziru, wana, ya zo ne ya sanar da ita cewa ranar Juma'a kwanakin takabata za su cika, wata huɗu da kwana goma, za su zo su tafi da ni gida.

"Hajiya, a yi haƙuri, ai kwanakin sun cika..."

"Kwanakin wa? Mai ciki ba ta fita takaba sai ta sauka. Je ka tambayi malamai in ba ka sani ba!"

Yaya Naziru ya rage murya.

"Ciki kuma, Hajiya?"

"Ciki! Wata huɗu ɗaki ɗaya nake kwana da yarinyar nan, ko sau ɗaya ban ga ta yi fashin salla ba. Ni yarinya ce? Ga ta nan ta ciko, abinci ma sai an yi da ita."

"Amma Hajiya... da akwai, ai da yanzu ya fito."

"Kwanciya ya yi. Firgitar ranar nan ce ta kwantar da shi. A Katagum na ga matar da nata ya kwanta shekara biyu, ɗan yana nan yanzu har da gemunsa. Yaron nan bai tafi haka ba, ya bar mini baya."

Yaya Naziru ya leƙo ɗakin, fuskarsa cike da tambaya.

"Ihsan, da gaske ne?"

Na dube shi kamar yadda nake duban kowa tun ranar da aka shigo da gawar mijina Abdulrashid. Na ga bakinsa yana motsi, na ji maganar, amma ba ta sauka ko'ina a jikina ba.

"Ka je, Yaya. Zan kira ka."

Ya tafi yana waiwaye. Ni kuwa na ɗora yatsata a cikin damtsena na hagu, na shafa ɗan siririn abin da ke kwance ƙarƙashin fata. Ba ciki gare ni ba. Ashana ce, abin tazarar haihuwa da ake sa wa mata a hannu, ita ta ɗauke mini al'ada tun shekarar farko da aka sa ta.

Shekara huɗu muka yi da Malam, haka nake kiran mijina, don malamin sakandare ne a nan Azare. Cikina na farko jijjiga ta kama ni a wata na takwas. Aka yi mini tiyata, yaron bai zo da rai ba, ni kuma na yi kwana uku ban san inda kaina yake ba. Da za a sallame mu likita ya ce kada in kuskura in sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu, in ana so in rayu.

Malam ne da kansa ya kai ni wurin Roda, maƙwabciyarmu, nas ce 'yar Bogoro. Ranar da za a sa, ni ake yi wa allura amma shi ya juya wa bango fuska yana ta salati.

"Malam, kai za a soka ne?" in ji Roda tana dariya.

"Ki dai yi a hankali, zuciyata ce a hannunki!"

A hanyar gida, a bayan mashin, na tambaye shi.

"Inna fa? Ka san jika take jira."

"Ki bar ni da Inna, Ihsanina. Ni zan faɗa mata, sai dai na samu lokacin da ya dace."

Bai taɓa samun lokacin ba. Duk zuwan da zai yi Katagum sai ya dawo ya ce yau Inna ba ta jin daɗi, ko ya tarar da baƙi, ko bakinsa ya yi nauyi. Mutumin da yake tsawata wa aji guda su yi tsit, gaban uwarsa ko tari ba ya iyawa da ƙarfi.

Da shekara biyun ta cika, shi ya fara tuna mini.

"Ihsanina, lokaci ya yi fa. Mu je wurin Roda?"

"Bari a yi azumi tukuna."

Aka yi azumi, aka yi Salla.

"To yanzu fa?"

"Malam... bari a yi babbar Salla."

Tsoro nake ji. Duk sanda na tuna warin ɗakin tiyatar nan sai in fasa. Ya gane, bai matsa ba, ya ja hancina yana murmushi.

"Ba gaggawa, zuciyata. Muna da lokaci."

Saura kwana goma sha ɗaya babbar Salla, ya kai wa Inna maganin hawan jini Katagum. A hanyar dawowa tayar motar da ya shiga ta fashe. Mutum uku suka rasu, har da shi.

Mutane sun ce na yi tawakkali, ko hawaye ban zubar ba. Ba tawakkali ba ne. Wani abu ne ya mutu a cikina, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ana ba ni abinci in ci, a ce in yi wanka in yi, a yi mini gaisuwa in ce amin.

Inna ta kulle ɗakinta na Katagum ta dawo wurina don ta taya ni zaman takaba. Shi kaɗai ne ɗanta. A makonnin farko ba ta ci ba ta sha, sai carbi. Daga baya na ga ta fara kallona, tana lura da shigata banɗaki da tsayuwata salla. Wata safiya ta tashi da ƙarfinta, ta dama mini kunun gyaɗa, ta aika a kawo mata bandar kifi daga garinsu.

"Ci, 'yar nan. Ba ke kaɗai kike ci ba."

Na gane abin da take nufi tun ranar. Na yi shiru, don a ranar ne ta fara cin abinci. Shirun kwana ɗaya ya zama na mako, ya zama na wata uku, har ga shi yau ta faɗa wa Yayana da bakinta.

Ranar Laraba da la'asar Roda ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta kawo mini lemo. Inna ta shiga maƙwabta duba mai jego. Na rufe ƙofa, na janye hannun rigata.

"Roda, ki cire mini."

"Cirewa ba wuya, minti kaɗan ne in kin zo asibiti. Amma me ya sa yanzu?"

"In kin cire, jini zai dawo?"

"Zai dawo. Wata macen cikin 'yan makonni, wata ta ɗan fi haka."

"To shi ke nan. Sai Inna ta ɗauka ɓari na yi."

Roda ta ajiye lemon da take ɓarewa. Ta daɗe tana kallona.

"Ihsan! Ke ce da wannan maganar?"

"Ba zan iya faɗa mata ba."

"Sai ki bar tsohuwa ta yi kukan jikan da bai taɓa samuwa ba? Ta binne ɗa, yanzu kuma ki ba ta wani ta binne?"

"In na faɗa mata gaskiya fa? Ta san cewa da na yarda tun azumi, da yanzu wataƙila akwai... Roda, sau biyu ya tambaye ni. Sau biyu na ce ya bari."

Na faɗe shi kamar mai karanta takardar wani. Roda ce idonta ya kawo ruwa, ba ni ba.

"Ni na karɓe ki ranar da aka kawo ki kina jijjiga," ta ce a hankali. "Duk macen da ta ga abin da kika gani za ta ji tsoro. Ranar da kike so a cire don kanki, ki zo, da hannuna zan cire. Amma ba zan cire don a yi wa Inna ƙarya ba."

"Za ta tsane ni."

"Wataƙila. Amma jibi Juma'a, in kika yi shiru za ki zauna a ɗakin nan kina jiran haihuwar da ba za ta zo ba. Har yaushe? Shekara biyu?"

Ta miƙo mini lemon, na karɓa na sha, ban ji zaƙinsa ba.

Washegari da hantsi ina zaune bakin gado Inna ta shigo da kofin silba a hannu. Fuskarta a sake, har da ɗan murmushi. Ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba yi ba.

"Ungo, shanye da bismilla. Jiƙo ne na tada kwantaccen ciki, daga Katagum aka kawo mini jiya. Kwana bakwai za ki yi kina sha, za ki ji ya motsa."

Na riƙe kofin. Ruwan ja ne, yana ƙamshin saiwa.

"In namiji ne, sunan ubansa za a mayar," ta ci gaba. "In mace ce ma ina so, wallahi ina so. Ni zan goya, ke ki koma makarantarki. Ba zan hana ki aure ba, 'yar nan, ba ni da wannan muguntar. Ki dai bar mini in riƙa ganin..."

"Inna."

"Na'am?"

Na ajiye kofin a ƙasa. Na kamo hannunta na dama, mai kaushin nan na tsufa, na ɗora yatsunta a cikin damtsena, na danna.

"Mene ne wannan?"

"Ashana ce, Inna."

Ba sai na yi mata bayani ba, matan Katagum ma suna sawa. Yatsunta suka bi tsawon abin daga wannan kai zuwa wancan, a hankali, sannan ta zare hannunta ta mayar cinyarta.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan tiyata. Likita ya ce in na ɗauki ciki da wuri zan iya mutuwa. Ita ce ta ɗauke mini al'ada. Babu ciki, Inna. Ba kwanciya ya yi ba... babu shi."

"Shi ya sani?"

"Shi ya kai ni."

"Yaron nan ya kai ki... ya zo ya zauna gabana yana cin tuwona, ina ta addu'ar jika yana cewa amin?"

"Ya so ya faɗa miki. Nauyinki yake ji."

Ta gyaɗa kai sau da yawa, idonta a kan kofin. Da na tsaya nan da laifin ya tafi kabari tare da shi, don shi ba ya nan balle ya musa. Amma na riga na fara.

"Akwai saura, Inna. Lokacin cirewa ya yi tun kafin azumi. Ya ce mu je, na ce ya bari. Ya sake cewa, na sake cewa ya bari. Tsoro na ji. Ni na hana ki, ba shi ba."

Na jira mari, ko zagi, ko ta tashi ta fita. Da ma ta mare ni, wataƙila da na ji wani abu. Inna ba ta motsa ba. A waje mai tallan awara ta wuce tana kira, wani mai mashin ya yi hon a bakin layi.

"Wata uku kina kallona," ta ce daga ƙarshe, muryarta a dishe. "Ina dama miki kunu."

"Na ga kin fara cin abinci ne, Inna."

Ta rufe ido.

"Ina tsaye a bakin ƙofa ranar da aka turo ki daga ɗakin tiyata. Na ga yadda kika taune harshenki. Na ce a raina 'yar mutane ta tafi a kan ɗana." Ta ja numfashi. "Ba zan ce miki ban ji ciwo ba. Na ji, zan kuma daɗe ina ji. Amma ni ma ban tambaye ki ba, 'yar nan. Sau nawa na buɗe baki in tambaya, sai in fasa, don kada ki ba ni wannan amsar."

Ta sunkuya ta ɗauki kofin, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa.

"Kira yayanki. Ki ce su zo goben, kwanakinki sun cika."

"Inna, ki yafe mini..."

"Haɗa kayanki."

Ta fita. Na ji ta tsiyaye jiƙon a magudanar tsakar gida, na ji ta ɗauraye kofin ta kife. Na tashi na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado, na buɗe, na fara ninke zannuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sai na ji wata murya daga bayan ɗakin girki, siririya, kamar ba ta Inna ba.

"Abdulrashid..."

Zanin ya suɓuce daga hannuna. Ɗan fari ne, tun da na shigo gidansu ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko ranar da aka ɗauke shi.

"Abdulrashid! Abdulrashid, ɗana... ka tafi ke nan? Ka tafi duka?"

Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Na same ta durƙushe jikin bango, kallabinta ya zame, tana ta kiran sunan. Na durƙusa na rungume ta ta baya. Ta yi yunƙurin ture ni sau ɗaya, sannan ta damƙe hannuna da ƙarfi ta manna a ƙirjinta. A nan kukan ya zo mini, na wata huɗu da kwana tara, ya fito da ƙarar da ban san ina da ita ba, har matan maƙwabta suka shigo da gudu suna tambayar wa ya rasu kuma.