Tsagar Hasumiya

A matakalar hasumiyar cocin ƙauyenmu suka fara haɗuwa, matakalar nan mai murɗiya wadda mutum biyu ba sa iya wuce juna a kanta. Imogen tana saukowa, Rufus yana hawa da tocila a hannu.

"Malam, dole ɗayanmu ya koma baya," in ji ta.

"Ni kam na ga abin da ya hana ni komawa," in ji shi. Ji mutum!

Injiniyan tsofaffin gine-gine ne. Sati bai cika ba ya gano tsaga a bangon nan mai shekara ɗari shida, tun daga kan tagar mai tsini har ƙasa. Ya ce a daina kaɗa ƙararrawa shida da ke saman hasumiyar. To, baban Imogen, dattijo Aldous, shekararsa arba'in yana jan igiyar babbar cikinsu. Ranar da Rufus ya je gaishe shi da maganar auren Imogen, ko shayi bai samu ba.

"Wanda ya rufe wa garinmu baki ba zai auri 'yata ba," in ji tsohon.

Imogen ta sha kuka, sannan ta tura wa Rufus saƙo: "Masoyi, ka ce tsagar ƙarama ce mana. Ko don ni."

Ya amsa: "Rabin raina, babanki ne ke tsayawa a ƙarƙashinta. Gara ya tsane ni yana raye."

Wata goma sha takwas yana ɗinke bangon, dutse bayan dutse. Da ya ce an gama, tsohon ya harare shi.

"Ka yarda da aikinka? Hau ka tsaya a bakin tsagar, mu kaɗa duka shidan."

Rufus ya hau. Aldous ya kama igiya ke nan sai ya ga 'yarsa ta nufi matakala.

"Ke! Ina za ki?"

"Wurinsa, Baba. Ku ja."

Tsohon ya bi ta da kallo har ta haye. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ja. Ƙara ta cika gari, mata suka fito ƙofar gida, ko ƙura ba ta zubo daga bangon ba.

Ranar bikin, da Aldous ya kai 'yarsa gaban limamin coci, bai ko zauna ba. Ya dafa kafaɗar ango.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Matsa, igiya na jirana."