Tsagar da Baba Ya Yi

"Ɗinke ta!" Dona Graciete ta dangwarar da allura da zare ja a gaban 'yarta. "Yanzu, Benedita, ina kallo."

"Mama, don Allah..."

"Kar ki haɗa ni da Allah a kan ɗan lauyan nan!"

Benedita ta ƙanƙame baƙar alkyabbarta. A nan Coimbra ɗalibi ba ya gama jami'a da alkyabba lafiyayya. Masu ƙaunarsa ne ke tsaga bakinta da haƙori: dangi a dama, abokai a hagu, tsakiya kuwa ta mutum ɗaya ce tak. In soyayyar ta mutu, sai a ɗinke ta tsakiyar da zare mai launin sashenka na karatu. Na 'yan shari'a ja ne, kowa sai ya gani a titi.

Ta dama ubanta Aníbal ne ya yi ta, gab da rasuwarsa. Ta tsakiya kuwa Gaspar ne.

A shekarar ƙarshe sashen shari'a kan rarraba ɗalibai ofisoshin lauyoyi, su ɗauki jaka, su zauna bayan lauya a kotu, su ga aikin da idonsu. Benedita ta faɗa hannun Dakta Valdemar, lauyan da ya tsaya wa maƙwabcinsu har kotu ta karɓe gonar zaitun ɗin ubanta. Uban shi kaɗai ya je kotun da hularsa a hannu, wai mai gaskiya ba ya ɗaukar lauya. Bai ga kakar zaitun ta gaba ba. A ofishin nan ta haɗu da Gaspar, ɗan Valdemar.

Tun ranar da Gaspar ya sa haƙori a alkyabbar, tsagar uban ta fara tafiya. Ba mai taɓa ta. Kowace safiya sai a tarar ta ƙara tsawo, a karkace, ta nufi tsakiya. Wurin kuma yana ƙamshin tabar marigayin da man zaitun.

"Ubanki ne ke zuwa," in ji uwar. "Kin fi ni sani."

Benedita ta nuna wa Gaspar a bakin kogi.

"Ulu ne ya tsufa, Dita. Ko kuwa surukina ne ke tahowa mu gaisa."

"Kar ka yi wasa da shi!"

"Yi haƙuri, hasken idona." Ya shafa tsagar, sai ya janye hannu da sauri. "In kin ɗinke tawa ba zan riƙe ki ba... amma ni kam tawa ta ƙare."

Ran Alhamis Dona Graciete ta biyo 'yarta kotu da allurar a jaka, da niyyar a yi ta ta ƙare a gaban kowa. Ta zauna can baya.

Shari'ar wani tsoho ce da ake neman raba shi da gonarsa. Yana zaune gefen Dakta Valdemar yana murɗa hularsa, yana murɗawa, sak yadda mijin Dona Graciete ya yi. Ɗaliba ba ta da bakin magana a kotu. Amma Benedita ce ta taka ƙauyensa gida-gida har ta samo masa shaida, kuma da muryarsa ta sarƙe, ita ce ta miƙo hannu daga baya ta dafa kafaɗarsa. Hular ta daina juyawa.

Da aka tashi, Valdemar ya tsaya gaban uwar da baƙar rigarsa ta lauya.

"Dona Graciete, ni na roƙa a turo mini ofis da 'yarki. Har yau in na juya a ɗakin nan, mijinki nake gani shi kaɗai a kan bencin can."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zauna a barandar kotun ta zaro allura.

"Miƙo alkyabbar."

"Mama..."

"Miƙo na ce!"

Gaspar ya kau da kai. Benedita ta runtse ido, hawaye na zuba. Da ta buɗe, tsagar tsakiya na nan a wangale. Bakin tsagar dama uwar ta kama, inda ta kusa isa tsakiya, tana ɗaure shi da zare ja.

"Ya isa haka, Aníbal," take cewa ƙasa-ƙasa. "Kwanta. Yarinyar tana zaune inda ba ka samu kowa ba."

Ta datse zaren da haƙori, ta harari Gaspar.

"Kai kuma, tsagarka ma a karkace, sai ka ce ta ɓera. Ka zo ran Lahadi, akwai kifi. Ubanka ya zauna gidansa."

Benedita ta kai alkyabbar hancinta. Ba taba, ba man zaitun, ulu ne kawai. A nan ne ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.